Mowab, Garin da Keke Ya Farfaɗo da Shi

'Yan'uwana mata, a wannan mako za mu leƙa wani ɗan ƙaramin gari na ƙasar Amurka, sunansa Mowab, cikin jihar Yuta. A ƙidayar 2020 mutanensa dubu biyar ne da 'yan ɗaruruwa. Amma duk inda ake wasan hawan dutse da keke a duniya, an san sunansa. Gari ne da hanyar abincinsa ta toshe, sa'an nan ya sami wata a cikin duwatsun da suka kewaye shi.

A shekarar 1952 wani mutum mai suna Charles Steen ya gano ma'adinin yuraniyom kusa da garin, watau irin wanda aka san Arlit ta Jamhuriyar Nijar da shi. Nan da nan mutane suka kwararo neman aiki, gari ya cika. Da kasuwar ma'adinin ta faɗi, aka rufe masana'antar tace shi a 1984. Magidanta suka rasa aiki, da yawa suka kwashe iyalansu suka tashi.

A daidai wannan lokaci ne wani sabon keke ya shigo. Waɗansu samari na jihar Kalifoniya ne suka fara shi wajen 1970 da wani abu, suna gangarowa daga tudu a kan tsofaffin kekuna. Daga 1981 kamfanoni suka shiga ƙera shi da yawa. Tayarsa mai kauri ce mai gargada, birkinsa da ƙarfi, ga giya iri-iri don hawan tudu. Masu wannan keke suka shiga neman inda za su gwada shi, sai suka tarar Mowab tana da abin da babu irinsa.

Abin nan shi ne hanyar da ake kira Slickrock, 'yar tafiya kaɗan gabas da gari. Tun 1969 aka shata ta don masu babur, tsawonta kamar mil goma da rabi. Kusan dukanta a kan jan fa take, watau tsohon rairayi ne da ya daskare ya zama dutse. Da yake sawu ba ya fita a kan fa, sai aka bi ta da ɗigon farin fenti, shi mahayi zai riƙa bi. Ma'anar sunan ita ce dutse mai santsi, domin dawakin mutanen da masu takalmin ƙarfe zamewa suke yi a kansa. Tayar roba kuwa kama shi take yi kamar an shimfiɗa samfefa, har a hau gangaren da ido zai ce ba ya hawuwa. Amma fa ba hanyar 'yan koyo ba ce, mahayi yakan yi sa'a uku ko huɗu kafin ya zagayo.

Kada ki ce abin na ƙarti ne kaɗai. An kasa hanyoyin kashi-kashi, ko wace da alamarta: kore ga mai koyo, shuɗi ga wanda hannunsa ya faɗa, baƙi ga gwanaye. Arewa da gari akwai hanyar Bar M, mai sauƙi, inda uwa da 'ya'yanta kan hau tare. Gwanaye kuma mota kan kai su kan duwatsun La Sal, su haye wata mashiga mai tsayin ƙafa 11,000 da ɗoriya, su wuni suna gangarowa har bakin kogin Kolorado. Akwai kuma White Rim, mil 100 cur, wadda akan yi kwana uku ko huɗu a kanta, kuma sai da takardar izini. Ke 'yar makaranta, ki sani tun da aka shigar da wasan nan cikin gasar Olamfik a 1996 mata ke ciki. Wata Ba'italiya, Paola Pezzo, ita ta ci zinariya a shekarar, ta kuma maimaita a 2000.

To, ina ribar mutanen gari? Baƙo zai kwana, zai ci abinci, zai yi hayar keke, zai nemi mai faci da mai gyaran sarƙa da ɗan jagora. Ga kuma masu zuwa kallon gandayen gwamnati biyu da ke kusa, Arches da Canyonlands. Ta haka kantuna suka sake buɗewa, mata da maza suka sami abin yi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da bazararsu, daga Yuni zuwa Agusta, zafi kan wuce digiri 38, inuwa kuwa sai an tona, an kuma sha rasa rayuka saboda ƙishirwa. Don haka ake gargaɗin kowa ya ɗauki ruwa galan guda, kamar lita huɗu, don wuni ɗaya, ya sa hular kwano, ya kuma faɗa wa wani inda ya nufa. Shi ya sa aka fi zuwa daga Maris zuwa Mayu, da kuma Satumba da Oktoba. Har wa yau, ƙasar wurin tana da wani baƙin ɓawo mai rai wanda ke riƙe ta kada iska da ruwa su kwashe. Taya ɗaya in ta kauce hanya ta murƙushe shi, sai ya yi shekaru masu yawa bai komo ba. Bugu da ƙari, yawan baƙi ya sa kuɗin haya ya yi tsada, har ma'aikatan da ke yi musu hidima na wahalar samun ɗaki.

Uwargida, abin lura a nan shi ne, ma'adini an haƙe an tafi, dutsen kuwa yana nan yana ciyar da gari muddin an kiyaye shi. In kuma akwai mai keke a gidanki, ɗa ko 'ya, ki duba birki da ruwan sha kafin a fita. Sai mun sadu a mako mai zuwa.