Hip-hop na bayan fage: a hannun aboki ake samunsa

Ba kowace waƙar hip-hop ke shiga manyan gidajen rediyo ba. Akwai mawaƙan da ba su da babban kamfani a bayansu, balle kuɗin talla. Su ake kira 'yan bayan fage, kuma kusan duk mai sauraronsu wani ne ya fara jiyar da shi.

Abin ya daɗe. Tun a farkon shekarun 1980, mawaƙi Too Short ya riƙa sayar da kaset ɗinsa hannu da hannu a titunan Oakland da ke Amurka. A New York kuwa, daga 1990 zuwa 1998, Stretch Armstrong da Bobbito sun riƙa gabatar da shiri cikin tsakar dare a tashar WKCR ta Jami'ar Columbia. Nas da Jay-Z duk sun rera baitoci a nan kafin su fitar da kundinsu na farko. Wanda ya jure barci sai ya naɗi shirin a kaset, gari na wayewa ya miƙa wa abokansa, su ma su kwafa.

A Kano da Kaduna mun san irin wannan hanya. Waƙoƙin matasa da dama ta Bluetooth da shagunan 'yan turi suka zaga gari, daga baya Xender da WhatsApp suka karɓa.

Yau manhajoji ke zaɓo wa mutum waƙa, amma suna auna abin da ya riga ya saba ji ne. Aboki ya fi su ƙarfin hali, domin zai tura maka abin da kunnenka zai ƙi da farko, ya nace sai ka maimaita. Alal misali, waƙar mawaƙin bayan fage MF DOOM, mai tarin salon magana, ba ta kamuwa a sauraro ɗaya.