Moriori: Mutanen da Aka Ce Sun Ƙare

Da Tommy Solomon ya rasu a 1933, sai aka baza cewa an binne ɗan Moriori na ƙarshe. Alhali mutumin ya bar 'ya'ya, kuma zuriyarsa ce ta tsaya aka kafa mutum-mutuminsa a tsibirin Rēkohu a 1986. Farfaɗowar al'ummar Moriori ta soma ne daga cikin gida, tun kafin gwamnati ta waiwayo.

Rēkohu, wato tsibiran Chatham, na kimanin kilomita 800 gabas da New Zealand. Mutanenta, wato Moriori, sun riƙi dokar kakansu Nunuku wadda ta haramta kisa. Da ƙabilun Ngāti Mutunga da Ngāti Tama suka dira a 1835, Moriori suka yi taro, suka ƙi ɗaukar makami. Aka kashe kusan 300, aka bautar da sauran. Zuwa 1862 mutum 101 kacal suka rage. A 1870 kotu ta ba maharan kusan dukan ƙasar, littattafan makaranta kuma suka ƙarasa aikin da tatsuniyoyin ƙasƙanci, har wasu iyalai suka riƙa ɓoye asalinsu.

Wannan kunya ce aikin gayya ya fara wankewa. Littafin Michael King na 1989 ya gyara tarihi a takarda. Amma abin da ya dawo da mutane gida shi ne zauren Kōpinga, wanda ƙungiyar Moriori mai suna Hokotehi ta buɗe a 2005. A jikin ginshiƙinsa na tsakiya an rubuta sunayen kakannin da ke raye a 1835, ta yadda baƙo daga Auckland zai iya ɗora yatsa a kan sunan kakansa. Sauran nasarorin sun biyo baya ne: yarjejeniyar 2020 mai ɗauke da neman afuwar gwamnati da dalar New Zealand miliyan 18, sai ƙasusuwan kakanni fiye da ɗari da aka dawo da su daga Landan a 2022.

Kuɗi dai ba ya tsayar da ruɓa. Bishiyoyin kōpi na Hāpūpū a Rēkohu, masu ɗauke da zanen da kakanni suka sassaƙa a ɓawonsu, iska da tsufa na cinye su, shi ya sa aka ɗauki surarsu da na'ura tare da Jami'ar Otago. Farfaɗo da harshen Moriori ya fi wuya. A yau babu wanda ya tashi da shi a bakin uwa, daga tsofaffin rubuce-rubuce ake tono shi, yawancin masu koyonsa kuma suna zaune ne nesa da tsibirin.