Mace da Tuƙin Babur: Abin Lura Kafin Ki Hau Titi

A Yamai da Wagadugu ba abin kallo ba ne a ga mace tana tuƙa babur ɗinta. A ƙasar Sakkwato mata sun fi sabawa da hawa bayan ɗan kabu-kabu. Amma ga malamar makaranta ko ma'aikaciyar lafiya da aka tura aiki ƙauye irin Mandera, a yankin Boɗinga da Shagari, ƙaramin babur roba-roba kan fi sauƙi a kan jiran abin hawa kullum. Ba laifi. Sai dai akwai raunukan da mu likitoci muka fi gani a jikin mata, kuma yawancinsu ana iya kauce musu tun kafin a tada babur.

Na farko shi ne tufafi. Dogon hijabi, mayafi ko bakin zane idan ya sauko gefen ƙafar baya, sarƙa ko wayoyin taya na iya kama shi su naɗe cikin ƙiftawar ido. Da yake hijabi a wuya yake rataye, wuyan ne ke ɗaukar fizgar. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah a sashen agajin gaggawa wadda ba a yi karo da ita ba, ba gudu ake yi ba, hijabinta kawai taya ta ja. Ta zo da shatar shaƙa a wuya, murya ta dishe, ƙeya ta fashe. Irin wannan na iya raunata maƙogwaro, jijiyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, har da lakar wuya, wadda idan ta taɓu shanyewar jiki ke biyo baya. Ba sai kin bar suturarki ba. Ki tattare hijabin ki zauna a kansa, ko ki sa matsakaici lokacin tuƙi ki ajiye dogon a jaka. Ki sa wando a ciki, da takalmi sau-ciki maimakon silifa. Kada ki yarda makanike ya cire murfin sarƙa ya bar ta tsirara.

Sai hular kwano. Bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta tun 1 ga Janairun 2009, amma kowa ya san yadda titunanmu suke. Mata kan ce zafi, ko ba ta zama a kan ɗauri. Zafin Sakkwato gaskiya ne, ban musa ba, amma ƙashi kan haɗe, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta cika komawa yadda take ba. Ki kwantar da gashinki, ki bar gammo da tulin ɗankwali, ki gwada hular a kan siririn hijabi kafin ki biya kuɗi. Ta kama kai ba ta rawa, kuma a ɗaure igiyarta ƙarƙashin haɓa. Wadda ba a ɗaure ba tashi take yi kafin kai ya kai ƙasa. Hular leburorin gini ba ta wannan aiki. Wadda ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi kuma a canza ta ko da ba ta tsage ba.

Wajen koyo, ki zaɓi babur ɗin da ƙafafunki ke taka ƙasa idan kin zauna. Ki fara a fili mai tauri inda babu yara, ki koyi tsayawa kafin ki koyi gudu. Birkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayar da babur, amma idan aka damƙe shi farat ɗaya a kan rairayi ko a kwana, taya zamewa take yi. A matsa su biyun a hankali. Sabuwar hannu idan ta firgita takan ƙanƙame hannun babur, sai ta murɗa totur ba ta sani ba; ki sake kafaɗunki, ki kalli inda kike son zuwa, domin babur inda ido ya nufa yake bi. Idan gudu ya ninka sau 2, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take sau 4. Kada ki ɗauki kowa, balle goyo, sai hannunki ya faɗa. Lasisin tuƙin babur shi ne ajin A, kuma sai an cika shekara 18.

Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega ba wurin koyo ba ne. Manyan motoci ke binsa, iskarsu kaɗai na iya ture ƙaramin babur, direban tirela kuma ba ya ganinki idan kina dab da gefensa. Inda hanyar ƙauye ta haɗu da kwalta ki tsaya cak. Lokacin hazo ki kunna fitila ko da rana ne.

Idan tsautsayi ya faru: ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai. Ciwon da ƙasa ta shiga a wanke shi, a nemi allurar tetanus. Wadda ke kukan wuya ko ta suma kada a ciccibe ta a ɗora a wani babur, kada a fizge mata hula. A riƙe kai da wuya a miƙe, a kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Wadda ta buga kai ta tashi garau a sa mata ido aƙalla kwana ɗaya, domin jini na iya taruwa a hankali. Yawan amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ya wuce kima, ruɗewa, jijjiga, ko ruwa daga kunne ko hanci, duk na asibiti ne nan take. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato na da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. Mai juna biyu kuwa ko faɗuwar ƙarama ce ta je a duba ta, saboda mabiyiya na iya ɓantarewa ba tare da an ga jini a waje ba.