Mintunan Ƙarshe na Darasin Karatu

Bitar ƙarshen darasi ita ce ɗan lokacin da malami ke warewa kafin a kaɗa ƙararrawa, ya tattaro hankalin yara wuri ɗaya don ya ga abin da ya zauna musu a kai. A Ingila an taɓa mayar da ita ƙa'ida a rubuce. A shekarar 1998 gwamnatin ƙasar ta kawo tsarin sa'a ɗaya ta koyon karatu da rubutu kowace rana a makarantun firamare: minti 15 na karatu tare, 15 na nazarin kalmomi da jimloli, 20 na aikin rukuni ko na kowa shi kaɗai, sai 10 na ƙarshe na bita. Ba a daɗe ba Ofsted, hukumar sufetocin makarantun ƙasar, ta lura cewa wannan kashi na ƙarshe ne ya fi rauni a ajujuwa da yawa.

Dalilin a fili yake. Wani lokaci aikin rukuni ne ke cinye mintunan. Wani lokaci kuma yaro ɗaya ne ke tashi ya karanto abin da ya rubuta, sauran suna ta harhaɗa littattafai. A ajujuwanmu matsalar ta fi fitowa a tambayar nan ta "Kun gane?" da amsar "Mun gane, malam!" Muryar taro tana rufe yaron da bai gane ba, kuma shi ne aka yi bitar dominsa.

Bita mai amfani tana komawa kan abu ɗaya da aka nufa a koya. A ce darasin ranar bambancin k da ƙ ne. Malam ya furta "ƙaya", kowane yaro ya rubuta a allonsa ko takardarsa, a ɗaga gaba ɗaya. Da kallo ɗaya zai ga waɗanda suka rubuta "kaya". Daga nan sai ya kawo kalmar da ba a taɓa ba a darasin, kamar "ƙafa" da "kafa", domin yaro yana iya haddace kalma bai kama sautin ba. Wanda ya yi daidai a tambaye shi yadda ya gane. Wanda ya kuskure kuwa, kuskurensa shi ne abin koyarwa mafi daraja a lokacin, muddin ba a kunyata shi ba.

Akwai kuma batun haƙuri. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka ƙara jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yara masu kunya ma suka fara magana.

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo. Tilasta wa ƙwaƙwalwa ta tuno abu kuwa yana ƙara kafa shi. Makarantar allo ta daɗe da sanin haka: almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya saurari karatunsa ya gamsu. Abin lura shi ne ɗalibi ne ke karantawa, malam yana sauraro.

Abin da bita ta bayyana ya kamata ya shiga shirin darasin gobe. Malami ya rubuta sunayen waɗanda suka kasa, ya fara da su da safe. Shugabannin makarantu kuma su daina aika sanarwa ko kiran malamai ofis a waɗannan mintuna, su bar su ga yara.