Zara da Gamzaki: tauraruwar da ta rushe tsohon tsarin sama

Zara matar wata da ake gani da magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba, abu ɗaya ne: duniyar Zuhura, ta biyu daga rana. Ba ta da hasken kanta, na rana take aro.

A 1610 Galileo ya dube ta da madubin hangen nesa a Italiya, ya ga wani lokaci kamar jinjirin wata take, wani lokaci kuma ta kusa cika. A tsarin Tolomi, wanda ya ajiye duniyarmu a tsakiya, Zuhura ba za ta taɓa cika ba. Ashe rana take kewayawa.

Hujjar ba ta cece shi ba. A 1633 kotun coci a Rum ta hukunta shi kan koyar da cewa duniya na kewaya rana, aka tsare shi a gida har rasuwarsa a 1642.