Ƙurar Katako da Injin Zuƙarta na Haɗin Gida: Riba da Haɗari

Sana'ar kafinta a Kaduna ta sauya kama. A da zarto da sauran kayan hannu ake aiki da su, abin da ke zuba ƙasa kuwa ɓarɓashi ne mai nauyi da tsintsiya ke kwashewa. Yau ko a ƙananan shagunan Unguwar Sarki, injin yanka da na fere da na goge su ne jigon aiki, allon MDF kuma ya shigo ya zauna gefen maɗaci da malaina. Aiki ya yi sauri, amma inji yana niƙe katako ya zama gari mai laushi da ke yawo a iska, ya lulluɓe girar kafinta, ya bi yaron shago har cikin huhu.

Wannan ba ƙaramar illa ba ce. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, musamman ta kogon hanci. Ga asma, ga tari mai naci, ga ƙaiƙayin ido. A Birtaniya doka ba ta yarda ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a kowace mita kubik ta iskar shago ba. A nan kuwa da yawa ƙyalle suke ɗaurawa a hanci, in hunturu ya kama ƙura biyu ta haɗu musu. Tun da shagunan na maƙale da gidaje, maƙwabta ma suna shan rabonsu.

Injin zuƙar ƙura na waje ya fi ƙarfin ƙaramin kafinta, balle bayan faɗuwar naira a 2023. Shi ya sa hankali ke komawa ga haɗin gida, kuma Kaduna na da masu walda na Panteka da ba a kai musu zane su kasa. Tsarin ba wuya: injin lantarki mai fanka yana jan iska ta bututun roba daga bakin inji, iskar ta shiga mazurarin ƙarfe ta gefe ta riƙa juyawa kamar guguwa, garin ya bugi bango ya gangara cikin gangar lita 200 da ke ƙasa. Shago ya yi tsabta, inji ya daɗe bai lalace ba, garin ya taru a buhu don masu kiwon kaji da masu murhun girki.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Mazurari na kama manyan ƙwayoyi ne; ƙananan da ido ba ya gani, waɗanda suka fi cutarwa, sukan wuce. In babu matata mai kyau a mafitar iska, injin zai sake watsa su cikin shago, kafinta ya ga ƙasa fes ya cire takunkumi. Sannan fanka na shan wuta, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, duk wanda ke kan janareta zai fara kashe ita don rage kuɗin mai. Waya mara kyau kusa da busasshen gari gobara ce ke jira. Garin MDF kuma, saboda gam ɗin da ke cikinsa, bai dace da shimfiɗar kaji ko girki ba.

Haɗin gida hanya ce mai ɓullewa, amma sai an yi mata ma'auni. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, duk suna cikin garin nan. Su fitar da zane ɗaya ingantacce, da girman fanka da irin matata, su miƙa wa mutanen Panteka. Ƙungiyoyin kafintoci kuma su wajabta takunkumi ga kowane yaron shago, ko da inji ko babu.