Jalak Bali da Itacen Wollemi

Masana ilimin halittu suna jera halittu kamar yadda ake jera nasaba: babbar zuriya, sai dangi, sai gida, sannan jinsi. A wannan lissafi babu abin da ya haɗa jalak, farin tsuntsun tsibirin Bali na Indonesiya, da itacen Wollemi na Ostareliya. Tsuntsun ɗan dangin Sturnidae ne, dangin shaya ke nan. Itacen kuwa na dangin Araucariaceae ne, cikin itatuwan da ba sa yin fure, sai dai su ajiye irinsu a cikin ƙullutu mai ɓawo-ɓawo. Sai dai kowannensu shi kaɗai ne a gidansu, kuma ƙungiyar IUCN ta sa su duka a sahun halittun da ke dab da ƙarewa.

Kyau ne ya ja wa jalak masifa. Kusan duk jikinsa fari ne fat, ga tukku, ga shuɗiyar fata kewaye da ido. Erwin Stresemann ya ba shi sunan kimiyya a 1912, masu ajiye tsuntsaye a keji kuma suka sa shi a gaba, har ƙidayar 2001 ta sami shida kacal a daji.

Itacen kuwa sai a 1994 wani ma'aikacin gandun daji, David Noble, ya ci karo da shi a wani kwazazzabo mai nisan kilomita 150 daga Sydney. Kafin nan burbushin makamantansa kawai aka sani, a jikin duwatsu. Manyansa ba su kai ɗari ba. Hukuma ta ɓoye wurin, amma duk da haka cutar saiwa ta ɓulla a can a 2005. Da gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 ta tunkaro, sai da 'yan kwana-kwana suka sauka daga jirgi mai saukar ungulu suka jiƙa kewayen.

Abin mamaki, kasuwa ce aka kira ta taimaka wa duka biyun. Tun 2006 ake sayar da dashen Wollemi ga masu lambu, don kada wani ya ga dalilin satar hanya zuwa kwazazzabon. Indonesiya ma ta halatta kiwon jalak da lasisi, farashinsa ya sauka, tarko ya rage riba. A tsibirin Nusa Penida, inda aka saki wasu, ƙauyuka sun sa hana kama shi cikin dokarsu ta gargajiya.

Aikin yawaita itacen ya fi sauƙi, tunda reshe ake yanka a dasa. Amma itatuwan dajin kusan kwafin juna ne ta fuskar ƙwayoyin gado, cutar da ta iya da ɗaya tana iya kwantar da sauran.